Bargon Gwanjo da Dokin Surukina

Shekarun baya, tun 'yan biyuna ba su isa shiga makaranta ba, muna zaune a ƙarshen Barnawa, can inda gidaje ke fara yin tsilla-tsilla kafin a gangara rafi. Waɗanda suka san ni sun san ni ba mai fita ba ce. Ko biki aka gayyace ni, tun kafin in ɗaura ɗankwali nake tunanin hanyar dawowa. Boko kuma aji huɗu na yi a firamare aka ce ya isa, ni ma ban yi musu ba. Amma Allah Ya ba ni kunne. Ina ƙuryar ɗaki zan gaya muku ruwan shinkafa ya tsotse. Ina kicin zan gaya muku wanne ne ya faɗi cikin 'yan biyu, da kuma ko faɗuwar gaske ce ko ta neman a ɗauke shi.

A gidan nan akwai doki. Na surukina ne, mahaifin maigidana. Da Allah Ya yi masa rasuwa sai dokin ya zama na 'ya'yansa biyu, maigidana da yayansa. Shi Yaya yana Unguwar Sanusi, yana da nasa samarin dawakai biyu da yake bayarwa haya ranar biki, ango ya hau a yi hoto. Don haka tsohon sai aka bar shi a wurinmu. Ya manyanta ƙwarai, har furfura ta fito masa a saman idanu, shi ya sa muke ce masa Dattijo. Rumfarsa jingine take da bangon kicin ɗina, taga ɗaya ce tsakanina da shi.

Gaskiya tsoronsa nake ji. Shekarata nawa a gidan ban taɓa matsawa kusa da shi ba, ko dusa zan ba shi sai in tura kwanon da muciya. Amma wanda kuke yini tare, ko ba ku magana sai kun saba. Maigida yana fita shagonsa na Kakuri ƙarfe bakwai, ba ya dawowa sai ana shirin kiran magariba. Tsakanin nan daga ni sai yara sai Dattijo. Na san ƙarar taunarsa in harawa ta yi masa daɗi. Na san hucin da yake yi in akuyar maƙwabta ta shigo. Na san 'yar ƙaramar haniniyar da yake yi in ya ji ina kankare ƙanzo, don ya san nasa ne.

To ranar Lahadi da la'asar masu dawakai na unguwa da na kewaye sukan fita kilisa. In sun dawo sai su ɗaure dawakansu su zauna a benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidanmu. Ni ke dafa musu shayi, kuma bangon zaure kaɗai ya raba mu, don haka duk abin da suka faɗa a kunnena yake sauka. Duk shekara, da zarar sanyi ya shigo, hira ɗaya ce: a lulluɓa wa doki bargo ko kada a lulluɓa. Majalisar rabuwa take yi biyu. Maigidana ne shugaban masu bargo, Yaya kuma shugaban masu cewa a bar doki yadda Allah Ya yi shi.

"Doki ba mutum ba ne," in ji Yaya. "Da rigarsa aka haife shi. Sanyi na shigowa gashinsa ke ƙaruwa. Ka lulluɓe shi ka mayar da shi ɗan gata, gobe ko fanka aka kunna sai ya yi atishawa."

Maigida ya ce, "To Yaya, kai da ka zo da rigar sanyi biyu da hula har kunne, ba a haife ka da taka ba ne?"

Aka kwashe da dariya. Yaya ya ce, "Ni ina da gashi a gadon baya? Baba shekara nawa yana kiwon dawakai, ka taɓa ganin ya ɗinka musu kaya?"

"Baba a cikin gari yake, ɗakin doki da ƙofa. Nan bakin rafi ne."

Haka za su yi ta yi har shayi ya ƙare. A cikinsu akwai wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya yi aikin duba dabbobi har ya yi ritaya. Baba likita muke ce masa. Ba shi da doki, shayin da hirar ke kawo shi bayan ya dawo daga coci ya huta. Kullum sai an juyo kansa a ce, "Baba likita, raba mana gardama." Shi kuma amsarsa ɗaya ce.

"Ni na yi ritaya. Ku tambayi dokin."

A yi dariya a watse, Lahadi ta zagayo a ɗora daga inda aka tsaya.

A shekarar da nake ba ku labari sanyi ya yi tsanani, irin wanda ko alwala sai an ɗora ruwa a wuta. Dattijo kuma ya fara ramewa, haƙarƙarinsa suka fara nunawa. Sai wata rana maigida ya dawo a keke da wani ƙaton ƙunshi, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Wai wani ɗan Ibo mai sayar da gwanjo kusa da shagonsa ne ya fasa dila, ya ga wani abu da bai gane kansa ba, ba bargon gado ba, ba tanti ba. Sai da maigida ya duba ya gane rigar doki ce ta Turai, da wuyanta da maɗauranta. Mutumin ya ce masa, "Oga, wannan daga ƙasar ƙanƙara ya zo. Ko cikin firiza ka sa doki ba zai ji komai ba."

Abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Shuɗi ne, bayansa santsi kamar lema, cikinsa cushe da auduga mai kauri. Da aka ɗaura wa Dattijo sai ya koma kamar wani babban ma'aikaci. Maigida ya zagaya shi sau uku, ya ɗauki hoto ya tura wa Yaya. Sannan ya kafa doka: ba dare ba rana, bargon nan ba ya sauka. A cewarsa cirewa da mayarwa shi ke jawo mura, kamar yadda take kama mutum in ya fito daga ɗaki mai ɗumi ya shiga iska.

Ba a yi sati biyu ba Dattijo ya fara tari. Ya riƙa barin dusa a kwano. Yaya ya zo ya gani ya ce, "Na faɗa. A cire wannan katifar." Da yake shi ne babba, aka cire aka ninke. Sati guda Dattijo yana tsaye ba komai a jikinsa, tarin bai tafi ba, sai ma majina da ta ƙaru. Maigida ya ce, "Na faɗa," ya mayar da bargo. Kowa ya faɗa, doki kuma yana ƙara lalacewa.

Ranar Lahadin da ta biyo baya ba a yi dariya a majalisa ba. Ina jin Yaya ya sassauta murya ya ce, "Ka ga, tsufa ba shi da magani. Gara mu rabu da shi yana tsaye da mu zuba ido ya faɗi a turke. Akwai mutumin da ke sayen tsofaffin dawakai yana lodawa zuwa kudu. Na ba ka sati biyu. In bai miƙe ba zan kawo shi."

Kowa ya san dawakan da ake lodawa a motar nan ba hawa ake kai su yi ba. Maigida ya baro majalisar. Da ya shigo gida ya zauna bakin gado, sannan ya ce, "Maman biyu, a kan dokin nan Baba ya zo ɗaurin aurenmu." Ni ma ban san lokacin da na aje tsintsiya na zauna ba. Na tuna tagar kicin ɗina, na ce yanzu haka zan riƙa kankare ƙanzo ba mai yi mini magana.

Washegari na kasa kunne sosai. Ba wani abu na yi ba, aikina nake yi, amma hankalina yana bayan taga. Da safe lafiya lau, yana tauna a hankali. Da hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai na ji numfashinsa ya canza. Ya zama gajere-gajere, da sauri, kamar na mai ciki da ta hau bene. Ya daina tauna. Ya riƙa buga ƙafa yana goga jikinsa da ginshiƙin rumfa. Na kai masa ruwa ya shanye bokiti guda a tsaye. Haka ya yini har la'asar. Tarin kuwa, na lura, ba ya zuwa da rana. Sai rana ta faɗi, iska ta fara tasowa daga rafi, sannan yake fara shi.

Sai na tuna abin da kowa ya sani amma ba wanda ya kawo a majalisa. Sanyin garinmu na safe ne da na dare. Da rana kuwa, ko a tsakiyar lokacin ɗari, in ka tsaya ƙarƙashin kwano sai ka yi gumi. Rumfar Dattijo ta kwano ce. Maigida yana ganinsa da sassafe da magariba, lokacin da shi kansa yake rawar ɗari. Ba ya nan a sa'o'in da nake cire wa 'yan biyu rigunan sanyi in bar su da singileti.

Kwana na biyu na yi ta maza. Da azahar na nufi rumfar, ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Na ce, "Dattijo, ni ce mai ƙanzo, kada ka ba ni kunya." Ya juyo ya dube ni kawai. Na cusa hannu ƙarƙashin bargon ta wajen kafaɗa. Wallahi kamar na buɗe tukunyar tuwo. Zafi, ga jikinsa sharkaf da gumi. Dab da magariba na koma na sake cusa hannu. Jiƙar tana nan, amma ta koma sanyi ƙalau, kamar zanin goyo da yaro ya jiƙa aka bar shi a kai. Wato yini yake yi yana dahuwa, ya kwana cikin jiƙaƙƙen kaya. Ko wace uwa ta san abin da ke biyo bayan wannan.

Da safe maigida yana shan koko na ce, "Baban biyu, ina ganin dokin nan zafi ke damunsa."

Ya aje ludayi. "Zafi? A wannan sanyin?"

"Da rana nake nufi. Gumi yake yi a cikin bargon."

"Maman biyu, ke da kike tura masa dusa da muciya, yau ke ce likitan dawakai? Turawan da suka ɗinka abin nan ba su san gumi ba ne? Don Allah kada wanda ya taɓa mini shi. Saura kwana goma sha ɗaya, ba na son a ƙara dagula lamarin."

Ba da faɗa ya faɗa ba, tsoro ne ya cika shi. Na ɗauke kwanon koko. Amma yana fita na tsaya a tsakar gida ina lissafi. In na bi maganarsa, mota za ta zo. In na saɓa, abin ya ƙi, ni za a ce na ƙarasa dokin Baba. Na zaɓi ta biyun, na ce Allah Ya rufa asiri.

Da hantsi na shiga rumfar. Maɗauran nan uku ne, biyu a ƙarƙashin ciki. Sai da na durƙusa a gindin dokin da nake gudu shekara da shekaru, ina fama da ƙarfen da ban san yadda ake ɓalle shi ba. Da ƙyar na gano dannawa ake yi. Na ja bargon, ya zamo gaba ɗaya ya rufto a kaina, nauyi kamar jiƙaƙƙiyar katifa, ga wani wari. Na faɗi zaune a cikin kashin doki. 'Yan biyu suna bakin ƙofa suna tafi, sun ɗauka wasa ne.

Da na fito daga ƙarƙashinsa na ga abin da ya ɓoye. Gashin kafaɗun Dattijo duk ya goge, fatar ta yi ja. Na ɗauko tsohon zani na goge shi tas tun daga wuya har gindin wutsiya, na shafa masa man kaɗanya a inda ya goge. Sannan na sassauta igiya ya fito rana. Yana fitowa sai ya lanƙwashe ƙafafu ya zube ƙasa. Na ɗora hannu a ka na fara salati, na ce shi ke nan na kashe shi. Ashe birgima zai yi. Ya juya dama, ya juya hagu, ƙafafu sama kamar ɗan jaki, ya tashi ya girgije, ya nufi harawa ya hau ci.

Na ja bargon na shanya a igiya, cikinsa na kallon rana. Da la'asar ta yi sanyi na taɓa na ji ya bushe ƙayau. Na kifa turmi na hau, na wurga masa shi, na ɗaure kamar yadda na same shi. Maigida ya dawo ya leƙa, bai ga komai ba.

Haka na riƙa yi kullum. Kwana huɗu, tarin ya ragu. Kwana shida, kwanon dusa ya fara dawowa a suɗe. Maigida ya shigo yana murmushi ya ce, "Kin gani ko? Da na biye miki da Yaya. Haƙuri kawai abin yake so." Na ce, "Lallai kam." Na juya ina tuƙa tuwo don kada ya ga fuskata.

Ranar kwana na tara asirina ya tonu. Da azahar na ji sallama a zaure, muryar Yaya ce, da wata baƙuwar murya. Wai motar kudu za ta tashi kafin lokacin da aka zata, shi ne ya kawo mai sayen ya duba tun da wuri. Kafin in yi wani motsi sun shigo. Ga Dattijo a tsakar gida ba komai a jikinsa, yana tauna, kunnuwa a tsaye. Ga bargon Turai a igiya, tsakanin wandunan 'yan biyu.

Na durƙusa na gaishe su. Yaya bai ko amsa sosai ba, ya zagaya dokin, ya duba hancinsa, ya daki wuyansa.

"Wa ya cire masa?"

"Ni ce, Yaya."

Sai ya fashe da dariya, ya ciro waya. Ina ji yana cewa, "Rufe shagon nan ka zo ka ga abin mamaki. Matarka ta bi maganata, doki ya warke. Ka biyo da Baba likita, ina son shaida."

Ba a daɗe ba keke ya tsaya a ƙofar gida. Maigida ya shigo, Baba likita na biye da shi da sandarsa. Idon maigida bai sauka a kan doki ba, a kan igiyar shanya ya sauka. Ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Yau kwana tara."

"Ai kullum a jikinsa nake samunsa."

"Ina mayarwa kafin ka dawo."

Nan take ya juya wajen yayansa. "Ka ji ko? A cikinsa yake kwana. Bargo ne ya warkar da shi."

"Cirewa ce ta warkar da shi."

"Ai an cire sati guda, me ya faru?"

Suka dasa sabuwa a tsakar gidana, mai sayen doki yana tsaye yana kallon wannan yana kallon wancan. Baba likita ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ku dakata. Shekara nawa ina ce muku ku tambayi dokin. Ga wadda ta tambaya. Madam, me ya ce miki?"

Kunya ta kama ni, ban saba magana gaban Yaya ba. Na ja mayafi na faɗi abin da na ji, numfashin hantsi, bokitin ruwa, tarin da ba ya zuwa sai rana ta faɗi, da abin da hannuna ya taɓo. Baba likita ya gyaɗa kai. Ya sa maigida ya sauko da bargon ya ɗaura wa Dattijo, aka mayar da shi ƙarƙashin kwano. Ya ce in kawo musu ruwa su sha. Suka zauna kamar rabin sa'a. Ni tun daga kicin na ji numfashin ya fara canzawa, na leƙo na ce, "Baba, ya fara."

Baba likita ya ce wa maigida, "Sa hannunka nan."

Ya cusa hannu ta kafaɗa. Ya fito da shi yana naso. Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, sai ya hau kwance maɗauran da kansa, da sauri, kamar mai neman gafara.

Yaya ya gyara tsayuwa ya ce, "To magana ta ƙare. A kai abin nan bola."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri, akwai saura. Satin da aka cire masa gaba ɗaya, kullum in na tashi ɗora ruwan asuba ina jin zoben ragamarsa yana kaɗawa a jikin turke, kar-kar-kar, ba ya tsayawa. Na ɗauka iska ce, na leƙa na ga ba iska ba ce, shi ne yake rawar ɗari. Sai rana ta fito yake dainawa. Ku kuma da hantsi kuke zuwa duba shi, lokacin ya riga ya ji ɗumi."

Yaya ya buɗe baki zai yi magana, Baba likita ya kama hannunsa ya ɗora a kan haƙarƙarin Dattijo. Ya ce, "Alhaji, ƙirga. Naka dawakan samari ne, kitse ya rufe su, ko a bakin rafi suka kwana ba ruwansu. Wannan ɗan fansho ne kamar ni. Ni ma da asuba suwaita nake sawa. Amma ka taɓa ganina da ita da rana tsaka?" Ya juya ga maigida. "Kai kuma wannan kayan na inda ruwa ke daskarewa ne. Ko da dare ya yi masa yawa. A samo mara nauyi, wanda iska ke ratsawa. A sa da magariba, a cire da hantsi, kuma kada a taɓa sa masa shi a jiƙe. Abin da Madam take yi ke nan, ba ta je makarantar da na je ba."

Sai mai sayen doki ya yi gyaran murya ya ce, "To Alhaji, ana lodawa ko ba a lodawa? Mota ba ta jira."

Yaya ya daɗe yana kallon Dattijo. Shi kuwa Dattijo ya miƙo wuya yana shinshinar aljihun rigarsa, yadda aka ce yakan yi wa marigayi. Yaya ya kawar da kai ya share fuska da hannun riga, wai gumi. Ya ce, "Je ka, Malam. Ka yi haƙuri da wahalar da na ba ka. Dokin nan ba na sayarwa ba ne."

Na shige kicin na rufe ƙofa, na yi rawa ni kaɗai, muciya a hannu. Ba na jin ko ranar aurena na yi farin ciki irin na ranar.

Da yamma maigida ya ɗan sha ƙamshi. Ya ce, "Amma da kin gaya mini." Na ce, "Na gaya maka, ka ce mini muciya." Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, ya yi dariya har da ƙwalla.

A satin na samo buhunan algarara guda uku, irin na zuba gyaɗa, na farke na wanke. Na ɗauko wani tsohon bargo mara kauri da mahaifina ya ba ni tun zamanin da yake aiki a masaƙa a Kakuri, na shimfiɗa a ciki, na ɗinke da babbar allura. Wajen kafaɗa na sa tsohon zani mai laushi don kada ya sake goge masa gashi. Maɗauri kuwa igiya na sa, wadda ko 'yan biyu za su iya kwancewa. Bai yi kyan na Turai ba, Dattijo ya koma kamar ɗan dako. Amma tari ya tafi, kafin sanyi ya wuce haƙarƙarin nan sun ɓuya.

Bayan kamar sati uku sai ga Yaya a zaure da wata igiya mai ƙulli-ƙulli. Ya ba maigida ya miƙo mini, wai awon tsohuwar goɗiyar wani abokinsa ce, ko zan taimaka in ɗinka irin na Dattijo. Na karɓa da hannu biyu. Daga baya na ji a majalisa cewa goɗiyar tasa ce, sabon saye. Ban taɓa nuna masa na sani ba, sai yau da nake gaya muku.

Dattijo ya ƙara ganin sanyi huɗu a gidanmu. Da damina ya mutu, a turkensa, cikinsa a ƙoshe, aka haƙa rami a gangaren rafi aka rufe shi. Yaya da kansa ya riƙe shebur.

In na tuna abin nan, ba na ganin akwai mugu a cikin mazan nan biyu. Dukansu son dokin suke yi. Kowanne ya riƙe sa'ar da yake ganinsa ya ɗauka ita ce yini gaba ɗaya. Ni ba abin da na fi su sani, zama kawai na fi su, kuma da na zauna na saurara. A da in ana hirar waɗanda suka yi karatu suka zaga duniya, sai in ji kamar ban tsinana komai ba, rayuwata daga kicin sai tsakar gida. Tun daga ranar na daina jin haka.

Gardamar kuwa ba ta mutu ba. Mun bar gidan, amma majalisar tana nan, kuma maigida ya ce har yanzu da sanyi ya shigo sai an tayar da ita. Bambancin kawai, Baba likita ya canza amsa kafin ya koma garinsu. In aka ce ya raba gardama sai ya nuna bangon zaure da sandarsa ya ce, "Ku tambayi Madam."

Bargon Turai yana nan, janareto muke rufewa da shi in ana ruwa, kuma ya iya aikin. Ni kuwa har gobe, in lokacin sanyi ne, hantsi ya ɗaga, sai in tsinci kaina na aje abin da nake yi na kasa kunne wajen taga.